Rubutu a kan hanyar bincike: ɓata lokaci ne ko aiki?

Wata ɗaliba mai neman digiri na uku a fannin gudanarwa a nan Zariya ce ta aiko da tambaya. Bincikenta a kan ƙananan 'yan kasuwa ne na Sabon Gari da Tudun Wada da cikin birni. Ta ce takardar tambayoyin da ta ɗauko daga wata mujallar Turai ta ƙi aiki a kasuwa, sai da ta shafe watanni tana fassara, tana gyara, tana komawa ta sake gwadawa. Yanzu tana so ta rubuta maƙala a kan wannan fama da ta sha, amma wani na gaba da ita ya ce kada ta ɓata lokacinta, hanyar bincike ai ba sakamako ba ce, wurinta babi na uku na kundi. Shin gaskiyarsa?

Malama, Allah ya yi wa karatu albarka. Ki rubuta. Wanda ya ba ki waccan shawara na san ƙauna ce ta sa, so yake ki gama ki huta, amma a nan ban bi shi ba.

Ki ɗauko kundin naki ki buɗe babi na ukun da ake cewa can ne wurin maganar. Ki duba sunayen da kika jera. Na tabbata akwai Likert, wanda ya fito da ma'aunin nan na "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam" a 1932. Akwai Cronbach da alfarsa ta 1951, lambar da ke nuna ko tambayoyin ma'auni sun dace da juna. Akwai Krejcie da Morgan na 1970, masu jadawalin da ya sa kowane ɗalibi a ƙasar nan ya haddace lamba 384 a matsayin yawan mutanen da za a tambaya. In kin taɓa manhajar lissafin bayanai ta SmartPLS, to akwai Fornell da Larcker na 1981, akwai kuma Podsakoff da abokansa na 2003. Ba don sun gano wani abu game da banki ko masaƙa ko kasuwa kike ambatonsu ba. Abin da suka rubuta a kan yadda za a auna ne. Maƙalar Krejcie da Morgan shafi huɗu ce kacal, ga shi ta haura shekara 50 ana jan ta a Kongo da Samaru, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello. Sakamakon binciken da aka buga tare da ita a wannan fitowa ta mujallar, wa ke tuna shi? Manyan fannin nan sun daɗe da gane haka. Shi ya sa a 1998 sashen hanyoyin bincike na babbar ƙungiyar malaman gudanarwa da ke Amurka ya tsaya aka kafa mujalla sukutum, Organizational Research Methods, wadda ba ta da aiki sai wannan.

Wannan hujjar kowa na iya kawo ta. Wadda ta fi damuna ta gida ce.

Kayan awon da muke aiki da su ba a kan jikinmu aka yanka su ba. An ƙera su ne don ma'aikacin kamfani mai albashi, mai takardar ɗaukar aiki, wanda ya saba da cike fom tun yana firamare, wanda kuma in an ce ya ba shugabansa maki ɗaya cikin biyar zai bayar ya kwana lafiya. Har babban binciken Hofstede a kan al'adun aiki, wanda ɗalibanmu ke jinginuwa da shi kamar bango, daga ma'aikatan kamfanin IBM ya tattaro bayanansa tsakanin 1967 da 1973, kuma da ya zo kanmu sai ya haɗa Najeriya da Ghana da Saliyo ya ba su maki guda. Wato Bazazzagi da mutumin Kumasi da na Firitawun duk abu ɗaya ne a jadawalin. Ban ga laifinsa ba, abin da ke hannunsa ya yi aiki da shi. Laifin namu ne da muke ɗaukar makin mu liƙa wa ɗan tireda a Tudun Wada. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. Wata shekara na raka wani ɗalibina wajen wani maɗinki a cikin birni, ta wajen Ƙofar Doka, dattijo mai aikin babbar riga. Aka gaisa, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Yaron ya zaro takarda ya karanta: "Na gamsu da yadda sana'ata ke tafiya. Ka yarda ƙwarai, ka yarda, kana tsakiya, ba ka yarda ba, ko ba ka yarda ba sam?" Dattijon ya ɗago kai daga kan allura ya ce, "Alhamdu lillahi." Yaron ya kafta biyar, wato "na yarda ƙwarai". Ya ci gaba: "Ma'aikata nawa gare ka?" Ya ce, "Ni ba ni da ma'aikaci." Ga samari nan shida a zaune, kowa da wuyan riga a cinya. Na ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce, "A'a, ai waɗannan yarana ne." Ɗaya ɗan ƙaninsa ne, biyu koyo suke, sauran kuma ana ba su aiki ne a biya su in sun gama, gobe ma suna iya kasancewa a wani zauren. Da aka ajiye takarda aka kawo ruwa, hira ta ɓalle, sai ga shi yana faɗin yadda zare ya yi tsada, yadda aikin inji ya karya farashin na hannu, yadda wanda ya fi ƙwarewa cikin yaran ya bar ɗinki ya koma acaɓa. Mutumin da takarda ta ce ya gamsu ɗari bisa ɗari ke nan.

Bai yi ƙarya ba. Musulmin kirki ba ya amsa tambayar baƙo da ƙorafi a kan arzikinsa. Takardar ce ba ta san haka ba. Da ɗalibin nan shi kaɗai ya je, da kundinsa ya nuna sana'a mai mutum ɗaya wadda mai ita ya gamsu ƙwarai, da an zuba lambar a kwamfuta tare da irinta ɗari uku, da manhaja ta fitar da zane mai kibiyoyi, kowa ya tafa ranar kare kundi.

Na san kin ci karo da irin wannan, shi ya sa kika yi watanni kina gyara. Kin ga yadda kalmar "riba" ke sa mutum ya gyara zama ya fara tunanin ko daga ofishin haraji kike. Kin ga "ina tsakiya" ba ta da ma'ana a bakin Bahaushe sai dai ta zama hanyar sallamar mai tambaya cikin mutunci. Kin ga yaron shago ba zai taɓa cewa maigidansa ba ya iya shugabanci ba, ko da an rantse masa ba za a rubuta sunansa ba, don kunya da tsoron butulci sun fi ƙarfin alkawarin baƙo. Kin ga jari da kuɗin cefane aljihu ɗaya suke kwana. Kin kuma ga abin da maza masu bincike ba sa gani: matan da ke soya ƙuli-ƙuli da yin taliya da ɗinkin hula a cikin gida, waɗanda kasuwarsu ke kan tiren talla, ba shago, ba rajista, ba suna a kowane jerin da za a ɗebo samfur daga ciki. Namiji zai tsaya a zaure ya tambayi maigida, maigida ya ba da amsa a kan sana'ar da bai san uwar kuɗinta ba. Ke kin shiga.

To ina wannan ilimi yake zuwa? Ga abin da yake faruwa shekara da shekaru. Ɗalibi ya sha wahala, ya gano dabara, ya gyara takardarsa. Da ya zo rubutu sai ya ji kunyar gyaran, kamar wani laifi ya yi, ya dunƙule shi a jimla ɗaya: an ɗauko tambayoyin daga wane da wane, an ɗan daidaita su. Shi ke nan. A ɗaure kundi da baƙin bango, a kai laburare, ƙura ta rufe shi. Baɗi wani ya zo kasuwar nan, ya faɗa ramin nan, ya fito da kansa ko kuma ya kasa fitowa bai ma san ya faɗa ba. Mu Zage-zagi muna alfahari da karatu, amma a wannan fanni kowace shekara daga sifili muke farawa.

Abin mamaki, a garin nan aka taɓa nuna yadda ake yi. A tsakiyar shekarun 1960 David Norman, masanin tattalin arzikin noma a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ya jagoranci bincike a ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau: Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi. Hanwar da yanzu gari ya haɗiye. Ba su raba takarda suka dawo bayan mako suka kwashe ba. Masu ɗaukar bayani sun yi ta komawa wajen manoman nan a kai a kai, shekara guda cur, suna rubuta aikin da aka yi da abin da aka kashe da abin da aka girbe. Da wannan naci aka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda masana na lokacin ke gani kamar rashin wayewa, lissafi ne mai kyau na mutumin da ya san damina ba ta da tabbas. Amma abin da ya sa na kawo shi: a 1973 Norman ya zauna ya rubuta takarda ta daban, wadda Jami'ar Jihar Mishigan ta buga, a kan hanyoyin da suka bi da matsalolin da suka ci karo da su wajen binciken gudanar da gona a Arewacin Najeriya. Bai ce wannan na babi na uku ne ba. Aikin Samaru na cikin tushen salon binciken da ke farawa daga manomi da gonarsa kafin a kawo masa shawara, salon da ya bazu ƙasashe da yawa. Masu noma sun yi nasu tun muna yara. Mu masu kasuwanci da gudanarwa har yanzu fom ɗin wasu muke hotonsa.

Kada ki ɗauka tambayar riba ƙaramar magana ce da manyan mujallu za su raina. A 2009 de Mel da McKenzie da Woodruff sun buga maƙala guda a kan wannan kaɗai, daga aikin da suka yi da ƙananan 'yan kasuwa a Siri Lanka. Sun gwada hanya biyu: a tambayi mutum ciniki da kashe-kashe dalla-dalla a cire wannan daga wancan, ko kuwa a tambaye shi kai tsaye nawa ya rage masa a wata. Sai ta fito cewa tambayar kai tsaye ta fi kusa da gaskiya, saboda kayan da aka saro a wannan wata ba lallai a sayar da su a cikinsa ba, kuma masu sana'a na rage cinikinsu da kimanin kashi 30 cikin ɗari in an tambaye su. Daga baya McKenzie da Woodruff suka fitar da tambayoyi 26 na auna yadda ƙaramin ɗan kasuwa ke tafiyar da sana'arsa, suka gwada su a ƙasashe bakwai har da Najeriya, aka buga a 2017. Ki lura da sigar tambayoyin: ba a ce wa mutum ya yarda ko bai yarda ba. Ana tambayarsa abin da ya aikata. Ka je wajen abokin gasa ka ga farashinsa? Kana rubuta abin da ka saya da wanda ka sayar? Ka nemi ragi wajen mai ba ka kaya? Dattijon nan na Ƙofar Doka zai amsa waɗannan ba tare da ya ji yana kai ƙarar Ubangijinsa ba. Ko abin da aka samu a Siri Lanka zai tsaya a Sabon Gari, inda ake karɓar kaya bashi daga Kantin Kwari a biya bayan an sayar, wannan ke ce ke da bayanan da za su nuna.

Akwai wata cuta kuma da rashin irin wannan rubutu ya jawo mana. Tunda ba ma muhawara a kan hanya, sai hanyar ta zama kamar tsafi, a karanta ta a shafa. Ki ɗauki lissafin yawan samfur na Taro Yamane na 1967 da kusan kowane kundi ke ɗauke da shi. In an sa kuskuren kashi biyar cikin ɗari, ko mutanen duniya duka ne za a ɗebo samfur daga cikinsu, amsar ba ta wuce 400. Lissafin daidai ne, amma da sharaɗi: sai in an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye, kowa da damarsa daidai da ta kowa. Ina jerin 'yan kasuwar Tudun Wada? Ɗalibi zai yi lissafin da kyau, ya samu 387, sannan ya tsaya bakin kasuwa ya miƙa wa duk wanda ya yi masa fara'a. Lambar tana nan, sharaɗin ya tafi. Ba na ma son in shiga zancen waɗanda ke zama gindin mangwaro da biro kala uku su cike ragowar da kansu.

Haka zancen 0.7 na alfa. Kowa ya rubuta cewa Nunnally, masanin awo, ya ce a littafinsa na 1978 in ta kai 0.7 an wuce. A 2006 Lance da Butts da Michels suka koma suka buɗe littafin, suka buga abin da suka gani a mujallar nan ta hanyoyin bincike. Mutumin cewa ya yi 0.7 ta isa a farkon bincike, lokacin da ake lalube. In aiki ya kankama yana son wajen 0.8, in kuma hukunci za a yanke a kan mutum da makin, to 0.9 ne mafi ƙaranci. Kusan shekara talatin ana jingina masa abin da bai faɗa haka ba, sai da wasu suka ga duba wannan ma aiki ne da ya cancanci bugawa. Kuma kada ki zaci mu kaɗai ne. A 2017 Bergh da abokansa sun ɗauki maƙala 88 daga ɗaya daga cikin manyan mujallun dabarun gudanarwa na duniya don su sake lissafin. Kimanin kashi 70 cikin ɗari ba su ba da bayanin da zai isa a sake ba. A cikin waɗanda aka iya sakewa kuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na da hasashen da aka ce ya tabbata alhali da aka sake bai tsaya ba.

Zancen ƙarin girma, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ran mai ba ki shawara, ba shi da tsawo. Maƙalar da ta bi ta hannun masu tantancewa ta fito a mujalla mai mutunci maƙala ce, ko a kan me take. Ki karanta ƙa'idar wurin aikinki, ki kuma guji mujallun da ke karɓar kuɗi yau su buga jibi. Illa iyaka gaskiyarsa a wuri ɗaya: kada maƙalar ta tsayar da kundin. Ki gama, ki kare, amma ki adana komai tun yanzu.

Sai dai in gaya miki abin da editoci ke mayarwa, don na mayar da irinsa da hannuna. In kika kwafe babi na uku kika sa masa take, ba za ta shiga ba. Labarin wahala kaɗai ma ba ya isa, kowa ya sha tasa. Abin da ake nema shi ne ki nuna inda tsohon ma'auni ya karye, da hujja. In kina da amsoshin gwajin farko da aka yi da fassarar kai tsaye, da na gwaji na biyu bayan gyara, ki jera su kusa da juna mai karatu ya ga yadda kusan kowa ya taru a kan huɗu da biyar a na farko, da yadda amsoshi suka warwatsu a na biyu. In da sauran dama ki koma kasuwa, ki raba mutane gida biyu ta ƙuri'a, ki tambayi waɗannan da tsohuwar siga, waɗancan da sabuwa. Mutum sittin ma sun isa su nuna wani abu in an raba su da gaskiya. Ki faɗi abin da kika gwada bai yi ba, wannan ne ma ya fi amfanar na baya. Ki faɗi lokacin da kika je, don cinikin maɗinki a goman ƙarshe na azumi da cinikinsa a tsakiyar damina ba su san juna ba. Ki faɗi ta hannun wa kika shiga, sarkin kasuwa ne ko shugaban ƙungiya, da yadda hakan ya tace waɗanda suka yarda su yi magana da ke.

Batun fassara ki ba shi fili sosai. Dabarar Brislin ta 1970, wato wani ya mayar da Turanci Hausa wani kuma ya mayar da Hausar Turanci a gwada, tana kama kuskuren kalma amma ba ta kama kuskuren ma'ana. "Ma'aikaci" za ta je ta dawo lafiya lau, ga shi a zaure ba ta ƙirga kowa ba. Ki nemi wani daga malaman Hausa ya zauna da ke, in ya yi aiki ki sa sunansa a maƙalar. Sannan, don Allah, ki buga takardar Hausar kanta a ƙarshen maƙalar, cikakkiya, da ƙugiyoyinta, ba fassarar Turancinta kaɗai ba. Ita ce mutumin Funtuwa ko Gusau ko Maraɗi zai ɗauka gobe ya yi aiki da ita, ya gyara abin da Hausarsu ta saɓa, ya ambace ki. Sunayen masu amsa da lambar shagunansu kuwa ki cire su tsaf, amana suka ba ki.

Wajen aikawa, ba dole ki fara da can ƙololuwa ba. Africa Journal of Management, wadda ta fara fita a 2015, an kafa ta ne don binciken da ya taso daga yanayin nahiyar nan, akwai kuma mujallun jami'o'inmu da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka, waɗanda ake samu a intanet. Kafin nan ki gabatar da ita a taron ƙara wa juna sani na sashenku, ki bar masu lissafi su yage ta, gara su da editan da bai san ki ba.

Littafin da kike rubutu a ciki in kin dawo daga kasuwa, wanda na tabbata ya sha maiƙo da ƙura, kada ki yar da shi, kada ki bar yara su yage. Ki buɗe shi daren nan ki nemo ranar farko da kika daina cewa "riba" kika koma wata kalma, da abin da mai shagon ya ce da ya sa kika sauya. Daga nan za ki fara sakin layi na farko.